Ƙasashe 48 a Qatar, babu Najeriya: yadda gasar WAFU B ke yanke wa matasa hukunci

A watan Nuwamba na 2025 aka buga gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Qatar, karo na farko da ƙasashe 48 suka halarta maimakon 24. Afirka ta samu gurbi goma. Duk wanda ya zauna a gidajen kallon ƙwallo na Katsina a lokacin, ko a Ƙofar Ƙaura ko a Sabuwar Unguwa, zai iya tuna tambayar da ta riƙa yawo tsakanin benci da benci: ga Uganda, ga Zambiya, to ina Najeriya? Wasu sun ɗauka FIFA ce ta dakatar da ƙasar, wasu suka ce ai an fitar da ita ne a gasar Afirka.

Duka biyun ba haka ba ne. Najeriya ba ta ma kai ga gasar Afirka ba. An yi waje da ita tun watan Mayun 2024 a Accra, shekara ɗaya da rabi kafin a take wasa a Qatar, a wata 'yar gasa ta mako biyu da yawancin masu kallon Firimiya ba su san an yi ba. Sunanta gasar WAFU B.

Matakala mai hawa uku

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta kasa nahiyar zuwa shiyya shida. Akwai ta arewa (UNAF), ta tsakiya (UNIFFAC), ta gabas (CECAFA) da ta kudu (COSAFA). Yammacin Afirka kuwa, saboda yawan ƙasashenta, an raba ta gida biyu. WAFU A ta ƙunshi ƙasashe tara, cikinsu har da Senegal, Mali, Gini da Gambiya. WAFU B tana da bakwai: Najeriya, Nijar, Ghana, Benin, Togo, Burkina Faso da Kwaddibuwa.

Wannan rabo na ƙwallo ne zalla, ba ruwansa da ECOWAS. Nijar da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a farkon 2025, amma a fagen tamaula har yanzu shiyyarsu ɗaya da Najeriya. Ma'ana, yaron Maraɗi da yaron Jibiya gurbi guda suke nema wa ƙasashensu.

Yaron da zai je kofin duniya sai ƙasarsa ta hau matakai uku. Na farko gasar shiyya, na biyu gasar kofin Afirka ta matasa, na uku kofin duniya. Gasar shiyyar tana da nata kofin da lambobin yabo, amma ainihin abin da ake rububi shi ne tikiti. A WAFU B tikitin biyu ne, kuma na waɗanda suka kai wasan ƙarshe ne. Shi ya sa wasan kusa da na ƙarshe ya fi na ƙarshen nauyi. Wanda ya sha kashi a wasan ƙarshe ya rasa kofi amma jakarsa na ɗaure don tafiya, wanda kuwa ya faɗi a na kusa da ƙarshe ya koma gida ke nan, ko da ya ci tagulla.

Akwai kuma batun shekaru da ke rikita mutane. Ba shekarun yaro a ranar wasa ake dubawa ba, ranar haihuwa ake yankewa. A gasar 2025, sai wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2008 zuwa sama. Tun da gasar shiyya ta riga kofin duniya da fiye da shekara, yaran da suka buga a Accra ba su wuce shekara 16 ba a ƙa'ida. Haka tsarin yake a rukunin 'yan ƙasa da shekara 20, inda Flying Eagles ke wakiltar Najeriya.

Daga gida da waje zuwa zaman gari ɗaya

A da ba haka ake yi ba. Ƙuri'a ake jefawa, a haɗa ƙasa da ƙasa su buga gida da waje, wanda ya fi yawan ƙwallaye ya wuce. Tsarin yana da tsada. Hukumar da ba ta da ƙarfi sai ta nemi kuɗin jirgi da masauki don tawagar yara sau biyu ko uku, kuma janyewa daga gasa ta zama ruwan dare. A 2017, zamanin shugabancin Ahmad Ahmad, CAF ta yanke shawarar mayar da wasannin share fage na matasa hannun shiyyoyi: a tara ƙasashen yanki a gari ɗaya, a gama cikin kwanaki kaɗan. An fara aiki da shi wajen neman gurbin gasar Afirka ta 2019 da aka yi a Tanzaniya.

Masu ɗora wa sabon tsari laifin komai sukan manta da 2016. A wannan shekarar Golden Eaglets, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, na riƙe da kofin duniya, wanda suka ci sau biyu a jere, 2013 da 2015. Aka haɗa su da Nijar a tsohon tsari. Najeriya ta ci 1-0 a Abuja, Nijar ta rama da 3-1 a Yamai. Nijar ce ta wuce, har ta kai ga kofin duniya na 2017 a Indiya, karonta na farko. Masu riƙe da kofi suka kalla a talabijin.

Ƙarƙashin sabon tsarin, tarihin Eaglets ya yi ta hawa da sauka. Sun ci gasar farko a Yamai a 2018, bayan doke Ghana a bugun fenareti, suka je kofin duniya na 2019 a Brazil inda Holan ta fitar da su a zagaye na biyu. Wannan ne zuwansu na ƙarshe. A farkon 2021 sun samu tikiti a Togo, sai annobar korona ta sa aka soke gasar Afirka, kamar yadda aka riga aka soke ta duniya. A 2022 sun ɗauki kofin shiyya a Cape Coast, amma Burkina Faso ta tare su da 2-1 a zagayen kwata fainal na gasar Afirka a Aljeriya a 2023. A 2024 Kwaddibuwa ta ci su 1-0 a wasan kusa da na ƙarshe, suka doke Ghana 3-2 suka zo na uku. A 2025 a Yamoussoukro, Ghana ce ta fitar da su da 2-0, a daidai wannan mataki.

Flying Eagles sun fi samun sa'ida. Sun ci kofin shiyya a Yamai a 2022 ƙarƙashin Ladan Bosso, suka sake ci a Lome a 2024 ƙarƙashin Aliyu Zubairu, kuma duka biyun sun kai su har kofin duniya. Tsari ɗaya ne, sakamako daban. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa matsalar ba ta tsaya ga tsarin ba.

Rigimar rabon gurbi

Inda muhawara ta fi zafi shi ne abin da ya faru bayan Accra. Da FIFA ta ƙara wa Afirka gurbi daga huɗu zuwa goma, CAF ta faɗaɗa gasarta ta 2025 a Maroko daga ƙasashe 12 zuwa 16. Aka yi zaton ƙasar da ta zo ta uku a WAFU B za ta shiga. Da aka fitar da jerin, WAFU A ta samu uku, gabas uku, kudu uku, arewa uku har da mai masaukin baƙi. WAFU B da shiyyar tsakiya suka tsaya a bibbiyu.

Masu sukar wannan rabo suna da hujja mai ƙarfi. Sau bakwai Afirka ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17, kuma duka bakwai ɗin daga WAFU B suka fito: Najeriya biyar (1985, 1993, 2007, 2013, 2015), Ghana biyu (1991, 1995). Burkina Faso da Kwaddibuwa kowacce ta taɓa zuwa ta uku a duniya, kowacce kuma ta taɓa cin kofin Afirka. Manya huɗu ke nan a kan kujera biyu, dole biyu su tsaya a waje kowace shekara, ko da sun fi wasu da suka samu shiga daga wata shiyya. A Maroko ma wakilan WAFU B biyu sun kai wasan kusa da na ƙarshe. A ganin wannan ɓangare, kamata ya yi a raba gurbi bisa abin da kowace shiyya ta taɓuka a gasannin baya, ko kuwa a haɗa waɗanda suka zo na uku su yi wasan cike gurbi.

Ɗaya ɓangaren yana kallon abin ta wata fuska. Gasar yara, in ji su, an yi ta ne don raino, ba don tara wa manya kofuna ba. Shiyyar kudu tana da ƙasashe 14, WAFU B bakwai, don haka in da lissafin yawan ƙasashe za a bi, gurbi biyu cikin bakwai ba zalunci ba ne. Idan ƙarfi kaɗai za a duba, Yammacin Afirka za ta cinye rabin gurbin, yaron Somaliya ko na Uganda ba zai taɓa sanin ɗanɗanon babbar gasa ba. Suna kuma da misali a hannu. Uganda, wadda ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba kafin 2025, ta doke Faransa a rukuni a Qatar, sannan ta fitar da Senegal. Da an hana ta gurbi bisa tarihi, da ba a ga haka ba.

Akwai ra'ayi na uku, wanda ya fi yawa a bakin kociyoyin ƙananan kulob na cikin gida. Su a wurinsu rigimar gurbi fakewa da guzuma ce. Burkina Faso da Kwaddibuwa ta ƙofar nan mai ƙunci suke bi, kuma suna wucewa. Abin da suke nuni da shi shi ne yadda ake haɗa tawaga: a naɗa koci gab da gasa, a kira ɗaruruwan yara gwaji a Abuja, a tace cikin 'yan makonni, sannan a kai su su kara da yaran da suka daɗe suna wasa tare a makarantun horo irin na Abidjan. Sakamakon 2025 ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi, domin kocin da aka fitar a Accra da Yamoussoukro, Manu Garba, shi ne ya ɗauko kofin duniya a 2013. Ba mutum ne da bai san aikin ba.

Na'urar da ke duba tsintsiyar hannu

Ba a maganar ƙwallon yara a Afirka a tsallake batun shekaru. Najeriya ta taɓa ɗanɗana kuɗarta: a 1989 FIFA ta dakatar da ita daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mata damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991.

Daga 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi baƙuncin kofin duniya na 'yan ƙasa da 17, FIFA ta fara amfani da na'urar MRI. Yadda abin yake shi ne, a ƙarshen ƙashin da ya gangaro daga gwiwar hannu zuwa tsintsiyar hannu akwai wani guringuntsi da ƙashin ke tsawo ta wurinsa. Yaro na girma wurin na rufewa, har ya haɗe ya zama ƙashi ɗaya. Likitoci sun kasa wannan rufewar mataki shida. Yaro zai kwanta, a shigar da hannunsa cikin na'urar, a ɗauki hoto. In hoton ya nuna mataki na shida, wato ƙashin ya gama haɗewa, an cire shi ke nan, ko me fasfo ɗinsa ya ce.

Hukuncin ba ya tsayawa kan yaro ɗaya. An kori Benin daga gasar Yamai ta 2018, har maganar ta kai kotu a gida aka ɗaure wasu. An kori Togo a 2021 alhali ita ce mai masaukin baƙi. Gab da gasar shiyyar tsakiya ta farkon 2023, hukumar ƙwallon Kamaru ƙarƙashin Samuel Eto'o ta sanar da cewa 21 cikin yara 30 da ta tara sun faɗi gwajin. Ita ma Najeriya, gab da wasan Nijar na 2016, ta rasa yara 26 a gwajin, aka shiga fili da abin da ya saura.

Masu goyon bayan na'urar suna cewa ita kaɗai ce shaidar da ba a saye, a nahiyar da takardar haihuwa ke da sauƙin canzawa. Masu shakka, cikinsu har da likitoci, suna cewa na'urar girman ƙashi take aunawa, ba ranar haihuwa ba. Yara ba sa girma tare. Abinci, gado da aikin ƙarfi na iya sa ƙashin wani ya rufe da wuri, na wani ya makara. Don haka ɗan shekara 16 na gaskiya zai iya faɗuwa, ɗan 19 ya tsallake. Dukkan ɓangarorin sun yarda da abu ɗaya: da rajistar haihuwa ta tsaya da ƙafafunta, da na'urar ba ta zama alƙali ba. A rukunin 'yan ƙasa da 20 ma ba ta da amfani, tun da a wannan shekarun ƙashin kusan kowa ya rufe. A can takarda ce kawai.

Abin da ya shafi Katsina da Daura

Golden Eaglets suna da wata alaƙa da Daura. Lokacin da suka doke Jamus ta Yamma 2-0 a China a watan Agustan 1985, marigayi Muhammadu Buhari ne shugaban mulkin soja, kuma makonni kaɗan bayan nan aka yi masa juyin mulki. Da suka ci na biyar a Chile a 2015, shi ne dai a kan kujera. A farkon 2016 ya ba 'yan wasan 1985 kyautar naira miliyan bibbiyu, shekara talatin bayan nasarar. Yawancin yaran 1985 daga wasannin makarantu da na ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON suka fito, ƙungiyar da ke shirya gasar Ramat a Kano.

Ga yaron da ke atisaye da yamma a filin makarantar firamare a Daura, ko wanda ke mafarkin sa rigar Katsina United a filin wasa na Muhammadu Dikko, gasar shiyya tana da tasiri ta hanyoyi da ba a cika lura da su ba.

Kofin duniya na yara kasuwa ce. Can masu farautar 'yan wasa na kulob ɗin Turai ke taruwa. Daga can aka ga Nwankwo Kanu a 1993, Kelechi Iheanacho a 2013, da Victor Osimhen wanda ya ci ƙwallo goma a 2015. Kyaftin ɗin tawagar 2013, Musa Muhammed, ɗan Kano ne. Duk shekarar da Najeriya ba ta je ba, yaran wannan zangon sun rasa wannan baje kolin, kuma shekarunsu ba za su jira ba. Wanda aka haifa a 2008 damarsa ta tafi da ƙwallo ɗaya da Kwaddibuwa ta ci a Accra.

Inda hanyar hukuma ta toshe, nan 'yan damfara ke buɗe tasu. Wani zai zo da sunan ejan, riƙe da takarda mai tambarin wani kulob a waya, ya ce a kawo kuɗin biza da tikiti. Uba ya sayar da bijimi ko gona. Ƙa'idar FIFA a nan a fayyace take: ba a sauya wa ɗan ƙasa da shekara 18 kulob daga wata ƙasa zuwa wata, sai a wasu 'yan keɓantattun yanayi, kamar iyayensa su yi ƙaura saboda dalilin da ba na ƙwallo ba. Duk wanda ya yi alkawarin kai ɗan shekara 15 Turai ya sa hannu a kwantiragi, ko dai bai san dokar ba, ko kuwa ya san ta sarai.

Sai takarda. A ƙauyuka da yawa haihuwar gida ake yi, a yi suna ran bakwai, ba wanda ya je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa karɓar shaidar haihuwa. Ranar da ake bukata sai uba ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru, shi kansa yana lissafi da damina ko da azumin da aka haifi yaron. Daga nan sai a samu shekara ɗaya a takardar firamare, wata a lambar NIN, wata a fasfo. Ba lalle ne da niyyar maguɗi ba, amma jami'in tantancewa ba niyya yake dubawa ba. Akwai kuma masu yi da gangan, abin da 'yan wasa ke kira shekarun ƙwallo, inda koci ko ejan zai ce wa yaro ya rage uku ko huɗu. Wanda ya yi haka ya tare gurbin ƙaninsa mai shekarun gaskiya, kuma in asiri ya tonu a gasar shiyya, tawaga duka ke kwana a ciki.

Kociyoyin unguwa ma suna da nasu rabon. Dokar FIFA ta tanadi diyyar raino ga kulob ɗin da suka horar da ɗan wasa tun daga shekara 12, da kuma kashi biyar cikin ɗari na kuɗin sayar da shi zuwa wata ƙasa, wanda ake raba wa waɗanda suka raine shi tsakanin shekara 12 da 23. Sharaɗin shi ne kulob ɗin ya kasance mai rajista, yaron ma an yi masa rajista a lokacin da yake can. Kocin da ya shekara biyar yana saya wa yaro takalmi da ruwan leda daga aljihunsa, amma bai taɓa kai sunansa hukumar ƙwallo ta jiha ba, ba shi da abin nunawa ranar da aka sayar da yaron.

Me ya canza da gasar ta koma duk shekara?

Daga 2025 zuwa 2029 Qatar ce za ta riƙa karɓar baƙuncin kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 kowace shekara, maimakon duk bayan shekara biyu. Wannan ya ja gasar Afirka da ta shiyya su ma suka koma shekara-shekara.

Ta wani gefen sauƙi ne. A da, yaron da shekarar haihuwarsa ta faɗo a tsakiya yakan yi ƙanƙanta a wannan gasa, ya yi girma a ta gaba. Yanzu kowane zango yana da tasa. Ƙasar da ta faɗi bana ba sai ta jira shekara biyu ba.

Ta ɗaya gefen nauyi ne a kan hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, wadda Ibrahim Musa Gusau ya karɓi shugabancinta a 2022. Kuɗin sansani, gwajin MRI da tafiya duk sun ninka, kuma da an dawo daga wannan gasa lokacin haɗa tawagar gaba ya yi. Salon kiran gwaji na makonni kaɗan zai fi wahala a irin wannan jadawali, domin wanda zai buga gasar shiyya baɗi yanzu yana shekara 14 ko 15, yana aji uku na ƙaramar sakandare ko ajin farko na babba. Ko wani ya rubuta sunansa da ranar haihuwarsa a yau, a Mashi ko Dutsin-Ma ko Zango, shi zai nuna ko za a iya kiransa Abuja in lokacin ya zo.